Sabon kamfani, sabon gida: abin da za ku tarar cikin jirgin ruwan shaƙatawa

Tambaya: Shekara biyu da suka wuce na shiga jirgin ruwan shaƙatawa na Royal Caribbean daga Barselona tare da 'yata, kuma na ji daɗi ƙwarai. Bana ɗanmu ya yankar mana tikiti ni da Alhaji, amma na kamfanin MSC ne, kwana bakwai a Bahar Rum, har da tsayawa a Tunis. Alhaji bai taɓa hawa ruwa ba in ban da kwale-kwalen kogin Isa. Abin da na gani a wancan shi zan tarar a wannan? Me ya kamata mu shirya? Daga wata Hajiya, Yamai.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ni mutumin Tawa ne, ci-rani ya fitar da ni kamar yadda ya fitar da yawancin sa'o'ina, har na yi shekara tara ina aiki cikin irin waɗannan jirage a kamfanoni biyu. Na fara da ɗaukar faranti a ɗakin cin abinci, daga baya aka maida ni teburin karɓar baƙi saboda ina jin Faransanci. A teburin nan na lura da wani abu: waɗanda suka fi zuwa mana rai a ɓace ba sababbin shiga ba ne. Sabon shiga komai ya gani sai ya karɓa. Masu ɓacin rai su ne waɗanda suka saba da wani kamfani, suka zo da mudun can suna awo a nan. Saboda haka ke ce na fi ji wa, ba Alhaji ba. Teku ɗaya ce, wataƙila ma tashoshin ɗaya ne, amma gidan da za ki shiga wani gida ne, da nasa tsari da nasa lokacin cin abinci da nasa hanyar karɓar kuɗi.

Abin da ba ya sauyawa kaɗan ne, kuma kin riga kin san shi. Za a ba kowannenku kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, shi ne kuma jakar kuɗi. Za a yi atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi, wannan doka ce ta duniya, ba ra'ayin kamfani ba. An tsananta ta ne bayan haɗarin Costa Concordia, wanda ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka rasu, alhali fasinjojin da suka shiga a yammacin ranar ba a kai ga nuna musu inda za su taru ba. Yanzu galibi bidiyo ake kallo a talabijin ɗin ɗaki, sannan mutum ya taka da ƙafarsa zuwa wurin taruwarsa a duba katinsa. Ki kama hannun Alhaji ku je ta matakala, kada ku bi na'urar hawa bene, don ranar da ake buƙatar hanyar ba na'ura za a bi ba. Ku riƙe alamar kiran gaggawa a ka: ƙara gajera sau bakwai, sai doguwa guda ɗaya.

Daga nan kuma sai bambanci. Royal Caribbean kamfanin Amurka ne mai hedikwata a Mayami, ko a Turai yake yawo Ingilishi ne harshen gida, dalar Amurka ce kuɗin gida. MSC na iyalan Aponte ne, 'yan asalin Italiya, hedikwatarsa a Janeba, kuma a Bahar Rum da yuro ake lissafi. Wannan ya yi muku kyau, don yuro ɗaya sefa 656 ne kusan, ba ya hawa ba ya sauka, kina iya lissafa komai a ka. Harshe ma ya yi muku kyau. Sanarwa ɗaya za ki ji an maimaita ta da Italiyanci, Ingilishi, Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci. Wasu na ƙosawa da tsawonta, amma ga mutumin Nijar alheri ne. Ki roƙa tun ranar farko a riƙa kawo muku takardar shirin yini da Faransanci, haka ma takardar abinci.

Za ki kuma tarar da hayaniyar da ba ki saba da ita ba. Iyalai ne na Italiya da Sifaniya da Faransa, da kakanni da jikoki, suna magana da ƙarfi, suna cin abinci a makare, yara na yawo har tsakar dare. Layi ma ba a bin sa da tsari irin na Amurkawa. Wanda ya saba da Babbar Kasuwa ranar jajibirin salla ba zai ga baƙon abu ba. Wani abin kuma, a jirgin da kika shiga can kusan kowa rana ɗaya ya hau, rana ɗaya ya sauka. MSC a Bahar Rum kamar motar layi yake yi: a Barselona wasu su hau wasu su sauka, a Marsai haka, a Jenowa haka. Kusan kullum za ki ga akwatuna a lungu da sababbin fuskoki, maƙwabtan teburinku ma na iya sauyawa a tsakiyar mako. Amfaninsa shi ne ranar hawa ba a cika cunkoson dubban mutane a lokaci ɗaya ba.

Yanzu maganar kuɗi, a nan zan daɗe, don a nan ne na ga an fi zubar da hawaye a daren ƙarshe.

Da farko ki ce ɗanku ya duba wane irin tikiti ya saya. MSC na raba tikitinsa gida-gida: Bella, Fantastica, Aurea, sai Yacht Club. Bella shi ne mafi araha, kamfani ne ke zaɓa muku ɗaki, lokacin cin abinci ma sai abin da ya rage. Fantastica na ba ku damar zaɓar ɗaki da neman lokacin abincin da kuke so. Aurea ya ƙara sassaucin lokaci da wasu gata. Yacht Club kuwa unguwa ce ta daban a saman jirgi, da ƙofarta da masu hidimarta. Mutum biyu na iya kwana a ɗakuna iri ɗaya, bango ɗaya tsakaninsu, amma haƙƙinsu ya bambanta saboda wannan kalma guda da ke kan tikiti. Araha ba ta ado, sai dai ba laifi ba ce in an san abin da aka saya.

Sai kuɗin hidima, wato tukwicin ma'aikata, wanda ake rubutawa a lissafinku kowane dare ba tare da an tambaye ku ba. A jiragen Amurka yana tsakanin dalar Amurka 16 zuwa 20 ga kowane mutum a yini. A MSC cikin Bahar Rum wajen yuro 12 ne ga babba. Ku biyu, dare bakwai, ya kama yuro 168, wato wajen jaka 110. Ya danganta da ƙasar da aka sayi tikitin, wani lokaci an riga an haɗa shi a ciki, wani lokaci sai a jirgi. Ku tabbatar tun kuna Yamai. Ina roƙonki kuma kada ki ɗauke shi a matsayin zalunci. Yaron da ke gyara muku ɗaki da wanda ke kawo muku abinci suna yin wata shida zuwa tara a ruwa, kwana bakwai a mako, awa goma ko fiye a yini, kuma wani kaso na abin da suke aika wa iyayensu a Indonesiya ko Filifin ko Indiya daga wannan kuɗi yake fitowa. Na ci daga cikinsa, na san abin da ya gina a gidanmu.

Ruwan sha shi ne abin da zai fara ba ki mamaki. Can kin saba da zarar kin zauna a zuba miki ruwa da ƙanƙara kyauta. A babban ɗakin cin abinci na jiragen Italiya, al'adar gidajen abincin ƙasarsu suke bi: ruwan kwalba ake kawowa, kuma biya ake yi, sai in tikitinku ya haɗa da abin sha. A wurin ɗiban abinci da kai kuwa, can sama, akwai injin ruwa da kofi da ruwan zafi na shayi, duk kyauta. Ku tafi da gorar ruwa kowa da tasa. Ruwan famfon jirgi daga teku ake tace shi a cire gishirin, ana shan sa, ni shi na sha shekara tara. Za a yi ta tallata muku tsarin biyan abin sha a dunƙule. Tun da ba ku shan giya, akwai wanda babu giya a ciki, na lemo da kofi da ruwan kwalba. Ku yi lissafi kafin ku amsa, domin ƙa'ida ita ce in ɗaya ya saya, abokin ɗakinsa ma sai ya saya, kuma na dukan kwanakin ne, har ranakun da za ku yini a gari. Duk abin da kuka sha ɗai-ɗai kuma ana ɗora masa kashi 15 cikin ɗari na hidima.

Katin ɗaki ba ya aiki a matsayin kuɗi sai an haɗa shi da katin banki ko an ajiye tsabar kuɗi. A MSC akwai injuna a lungunan jirgi da ake yin wannan a kwanan farko. In katin banki kuka sa, za a riƙe wani adadi a asusunku a matsayin jingina, kuma bayan kun sauka yana iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin banki ya sake shi. Shawarata ga mutanenmu kullum ita ce su ajiye tsabar yuro, abin da ya rage a maido musu ranar sauka. In kuma kati za ku yi amfani da shi, ku je bankinku a Yamai ku shaida musu za ku yi tafiya, ku tambayi iyakar abin da katin ke iya fitarwa a waje. Sannan ki riƙa duba lissafi kowane dare a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar MSC for Me, wadda ke aiki cikin jirgi ko ba ku sayi intanet ba. Kuskure kan faru, kuma gyara shi ranar Talata ya fi sauƙi a kan daren ƙarshe lokacin da layi ya kai matakala. Hotunan da masu hoto ke ɗaukar ku, wankin kaya, gyaran gashi, gidajen abinci na musamman, yawon gari da motar kamfani, duk biya ne.

Salula kuma, da zarar jirgi ya bar gaɓa, ku danna alamar jirgin sama. A tsakiyar teku waya na kama wata hanyar sadarwa ta tauraron ɗan adam mai tsadar gaske. Na ga wani bawan Allah da kuɗin da ya zuba na tafiyar gaba ɗaya suka ƙare a dare guda, bai kira kowa ba, saƙonnin WhatsApp ne kawai ke shigowa yana barci.

To, sai abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi, wanda takardun kamfani ba su cika yin bayaninsa ba.

Abincin Italiya ne zai fi yawa: taliya iri-iri, fiza, shinkafa mai romo, kifi, cuku. A babban ɗaki kashi-kashi ake kawowa, kaɗan-kaɗan, kada Alhaji ya ga farantin farko ya ɗauka shi ke nan. In bai ƙoshi ba ya nemi ƙari, ba a biya. Matsalar ita ce naman alade na ɓuya inda ba a zato. Ku kula da waɗannan kalmomi a kan takarda: porc, jambon, lardons, maiale, prosciutto, pancetta, salame, chorizo. Giya ma na shiga girki, a romon nama, a shinkafar da suke kira risotto, da wasu kayan zaƙi irin su tiramisu da baba au rhum. In kuna son naman halal, sai an nema ta hannun wanda ya sayar da tikitin makonni kafin tafiya, a rubuce, don kayan abinci tun kafin ku iso ake loda su. In kun shiga sannan kuka nema, an makara. Ko an nema ko ba a nema ba, daren farko ki kira shugaban masu hidima na ɓangarenku, ki ce masa ba alade, ba giya a girki. Zai iya kawo muku takardar abincin gobe tun yau ku zaɓa, a dafa muku daban. Wannan aikinsa ne, kada ki ji nauyi. Kifi, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace kuma ba sa yankewa. A wurin ɗiban abinci ki lura da cokulan ɗiba, mutane kan ɗauki na wannan tire su tsoma a wancan. Zuwa da wuri, lokacin da aka fito da abinci sabo, shi ne maganin wannan.

Yaji ki tafi da shi, don bakinmu ba ya jin abincinsu sai da shi. Dabino ma ya halatta. Amma kilishi da cukun Abalak ku bar su a gida, duk yadda Alhaji ke son su: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgin sama za a karɓe. Shayi kuma, na san ba a raba mutumin Nijar da butarsa, sai dai ba gawayi, ba murhu, ba tukunyar lantarki. Ya tafi da ganyen shayinsa da ƙaramin fulas, ya ɗebi ruwan zafi a sama. Ba zai kai na fada daɗi ba, amma zai kashe ƙishin.

Hajiya, wannan ke nake faɗa wa musamman: ba a kunna turaren wuta a jirgi. Babu abin da ma'aikacin jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, ya fi tsoronta a kan hadari da igiyar ruwa. Kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi, minti kaɗan za ki ji ana buga ƙofa. Kasko, kyandir, dutsen guga, duk ana gano su a na'urar duba kaya, a ajiye sai ranar sauka. Humra da turaren fesawa ba laifi. Shaddar Alhaji da lesukanki a goge su tun gida a naɗe da kyau, in sun yamutse a ba masu wanki na jirgi su goge da kuɗi. Kuma ku tafi da su, don akwai daren ado sau ɗaya ko biyu a mako. Kada wani ya ce muku sai kwat. Na taɓa ganin wani dattijo ɗan ƙasarmu ya sauko matakala da babbar riga fara mai aiki da hula, uwargidansa da ɗaurin kallabi, Turawa suka yi ta neman izinin ɗaukar hoto da su. Ranar na ji ƙasata a ƙirjina.

Salla a ɗaki za ku yi, don yawancin jirage ba su da masallaci. Ɗakin ƙarami ne, amma tsakanin gado da ƙofar baranda ko gaban madubi darduma ɗaya na shiga. Buta ta roba ku sa a akwati, bayan gidan jirgi ba shi da tiyon tsarki. Da iska yake zuƙe ƙazanta, da ƙara mai firgitarwa a karon farko, kuma ba a jefa masa komai sai takardar da aka ajiye, in ba haka ba ya toshe na maƙwabta gaba ɗaya. Alƙibla ita ce ke son natsuwa. A Yamai mun saba fuskantar gabas mai ɗan karkata arewa. A Barselona, Marsai, Jenowa da Tunis kuwa gabas ce mai karkata kudu. Kamfas ɗin salula na ruɗewa cikin jirgi saboda ƙarfe ne ko'ina. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita muke gane gabas, ko a fita a duba rana. Mu dai a tsaye muke yi in ruwa ya kwanta, a zaune in jirgi na tangaɗi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa ku zauna da malaminku kafin tafiya. In kin ga ma'aikaci ɗan Indonesiya, da yawansu Musulmi ne, ki yi masa sallama ki tambaye shi, za ki ga yadda fuskarsa za ta washe.

Lokacin salla na da alaƙa da lokacin abinci, abin da mutane ba sa tunawa ke nan. Abincin dare zama biyu ne, na farko wajen shida da rabi zuwa bakwai, na biyu wajen tara. A Yamai rana ba ta wuce bakwai da rabi ba ta faɗi ba. A Barselona da Marsai cikin Yuni da Yuli sai bayan tara take faɗuwa. Wato zama na biyu da magariba suna karo. Ku nemi na farko. In an ba ku na biyu, ranar hawa da rana shugaban ɗakin abinci na zama don sauraron masu neman canji, ku je da wuri.

Hawa na can sama, inda wuraren ninƙaya suke, kin riga kin ga irin shigar tufafin da ake yi a wurin. Ki gaya wa Alhaji tun yanzu don kada abin ya zo masa ba shiri. Jirgin na da faɗi, akwai inda za ku zauna da mutuncinku: barandar ɗakinku in kuna da ita, ɓangaren baya, ko hawan da kwale-kwalen ceto suke, da kuma ko'ina bayan asuba kafin jama'a su tashi. Gidan caca kuma sau da yawa a tsakiyar hanya ake gina shi don a riƙa ratsawa. A hau hawa ɗaya ko a sauka ɗaya, a wuce ta can. In kun dawo kuka ga wannan ɓangaren ya dame ku, akwai kamfanin Saudiyya mai suna AROYA da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, ba giya, ba caca, abinci halal, da wuraren salla. Wanda ya je Umra na iya haɗawa da shi.

Game da tsoron ruwa, ki kwantar wa Alhaji da hankali. Waɗannan jirage garuruwa ne. MSC World Europa, wanda ya fara aiki a 2022, tsawonsa mita 333, ya kusa rabin gadar Kennedy ta Yamai, yana ɗaukar fasinja sama da 6,000. A ƙarƙashin ruwa suna da wasu fukafukai da ke fitowa su rage tangaɗi. Yawancin dare ba zai san ana tafiya ba. Inda aka fi jin motsi a hanyarku shi ne tsakanin Barselona da Marsai, in iskar arewa da suke kira mistral ta taso. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi kuma a ƙasa ya fi kwanciyar hankali, na gaba can sama ya fi rawa. In jiri ya kama shi, kada ya kwanta a ɗaki mai duhu da ciki wayam. Ya ɗan ci busasshen burodi, ya tauna citta, ya fita ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Akwai ƙwayoyin hana tashin zuciya, suna sa barci, in yana da hawan jini ko ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ku tashi. Magungunanku kuma su zauna a jakar hannu, don manyan akwatuna sai yamma ko dare suke isowa ƙofar ɗaki. Akwai likita a jirgi, amma kuɗinsa na asibitin kuɗi ne na Turai. Inshorar da ake nema wajen bizar Shengen, wato bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, mai iya biyan jinyar yuro 30,000 ce aƙalla, ku karanta ku tabbatar ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa da kuma Tunisiya. Wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci, in mutum dubbai na taɓa ƙarfen matakala ɗaya ciwon ciki ba ya wuyar yaɗuwa.

Tunis ɗin nan da kika ambata tana da tarko biyu. Na farko biza. Tunisiya ba ta cikin ƙasashen Shengen, in jirgi ya je can ya dawo Italiya ko Sifaniya, kun fita kun sake shiga ke nan. Dole bizarku ta zama mai shiga sau da yawa. Mai shiga sau ɗaya na iya sa a hana ku hawa tun a tashar farko, kuma ba a maida kuɗi. Na tsaya a gaban iyalin da wannan ya faru da su, ba na fatan in sake gani. Fasfo ma ya kasance da sauran wata shida aƙalla bayan ranar dawowa. Wani lokaci jirgi kan karɓi fasfon waɗanda ba 'yan Turai ba ya ajiye don jami'an shige da fice, ya ba da rasit. Ba ƙwace ba ne, amma ku riƙe kwafi a jaka.

Tarko na biyu agogo. Tunisiya lokacinta ɗaya da na Nijar duk shekara, Italiya da Faransa da Sifaniya kuwa a bazararsu suna gaba da awa ɗaya. Salula na iya komawa lokacin gari da kanta alhali jirgi na bin nasa. Ki ɗaura agogon hannu, ki daidaita shi da abin da aka rubuta a ƙofar fita. Ana son kowa ya dawo aƙalla rabin awa kafin tashi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa. Wanda ya bi motar kamfani ne kawai ake jira in an makara. Saboda haka a Tunis, da duk inda gari ke nesa da tasha, kamar Roma da ke wajen kilomita 80 daga tasharta, ku biya ku bi ta kamfani ko da ta fi tsada. A Jenowa kuwa jirgi kusan cikin gari yake tsayawa, da ƙafa ma kuna zagawa. In kun shiga tsohon birnin Tunis ku nemi masallacin Zaituna, Alhaji ya samu jam'i ko sau ɗaya a makon.

Wani ɗan abu da ɗanku zai iya yi a intanet kafin tafiya: MSC na karɓar shaidar zama mamba ta wani kamfani ya ba da matsayi makamancinsa a nasa tsarin. Ki nemo lambarki ta Royal Caribbean, ko ragi kaɗan aka samu riba ce.

Ku isa garin da za ku hau kwana ɗaya kafin ranar. Daga Yamai sai an yada zango, ta Kazablanka ko Istanbul, kuma jinkirin awa uku a hanya ya isa ya sa ku tarar da tasha wayam. Daren ƙarshe kuma za a ba ku takardu masu launi ku ɗaura wa akwatuna, ku fitar da su ƙofar ɗaki kafin ku kwanta. Ku ware kayan da za ku sa da safe, da magani, da fasfo, da takalmi, don akwatin da ya fita sai a tasha za ku sake ganinsa. Jirgin saman dawowa ya zama na bayan azahar. Za a aiko muku da takardar jin ra'ayi, in wani yaro ya kyautata muku ki rubuta sunansa kamar yadda yake a ƙirjinsa. Da irin wannan ake ƙara musu girma, ni ma da haka na bar ɗaukar faranti.

A gaida Alhaji. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.